Baba, ɗan matsa

Sesriem, ƙasar Namibiya, sha ɗaya saura na dare. Kowa ya yi barci sai ni da kwamfuta a cinya. Hoto 412 na ɗauka yau, na bi su ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, kuma barcin ya ƙi zuwa.

Tun duhu muka tashi. Dabarar Yaya ce mu kwana a sansanin da ke cikin gandun, don ƙofar ciki ana buɗe ta awa ɗaya kafin fitowar rana, waɗanda suka kwana a waje kuwa sai rana ta ɓullo ake barinsu su shigo. A nan kam ya yi gaskiya, ya kuma tuna mana da hakan ya fi sau biyar kafin mu isa. Gandun daji ake ce wa Namib-Naukluft, amma babu dajin, sai yashi iya ganinka, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 50,000. Kwalta ce ta kimanin kilomita 60, sannan biyar na ƙarshe yashi ne zalla, sai da muka tsaya muka rage iskar taya. Mun wuce tudun yashin da ake kira Dune 45 da jijjifi, mutane sun yi layi a gadon bayansa kamar tururuwa. Auta ya so a tsaya, na ce a'a, Deadvlei, fakon matattun itatuwa, na zo ɗauka.

Daga inda ake ajiye mota akwai tafiyar ƙafa ta kilomita ɗaya da 'yan kai, cikin yashin da ke nutsar da ƙafa. Kun san gwiwar Baba. Na ce wa Auta ya taho da shi a hankali, ni na saɓa ƙafafun kyamara na yi gaba. Ko waiwaye ban yi ba. Sai yanzu da nake rubutawa na lura da wannan ma.

Wurin kuwa, tubarkalla. Fako ne fari fat na busasshen yumɓu, duk ya daddare, tuddan jan yashi sun kewaye shi, cikinsu har da wanda suke kira Big Daddy mai tsayin kimanin mita 325. A tsakiya ga itatuwa baƙaƙe ƙirin, dangin bagaruwa, a tsaye babu ganye ko ɗaya. Da can kogin Tsauchab yana kawo ruwa har nan, sai yashi ya datse masa hanya, itatuwan suka mutu sama da shekara 600 da suka wuce. Ba su ruɓe ba don babu danshin da zai ruɓar da su, rana ce kawai ta babbake su. Abin da kowane mai kyamara ke zuwa nema shi ne 'yan mintocin nan da rana ta haske tudun da ke baya ya yi ja jawur, alhali fakon yana cikin inuwa. Itacen sai ya fito kamar an zana shi da gawayi a jikin garwashi. Da hasken ya gangaro ƙasa, shi ke nan, sai gobe.

Na samu itacena, mai reshe biyu a karkace. Na kafa kyamara, na durƙusa, na daidaita komai. Hasken ya sauko rabin tudu. Sai ga farar riga ta shigo ta gefen dama.

Baba ne. Yana haki, sandarsa a hannu, ya je daf da itacen ya tsaya, bai taɓa shi ba don ya ji an ce an hana. Ya gyara hula, ya miƙe tsaye sosai kamar yadda yake yi in za a ɗauke shi, ya ce, "To, ɗauke ni a nan."

Ni kuwa ido na cikin kyamara, ko ɗagowa ban yi ba, na ce, "Baba ɗan matsa tukuna, hasken zai gudu."

Da hannu ma na yi masa nuni. Da hannu!

Ya yi jim, sannan ya ce, "To, mai hoto." Ya ja sandarsa ya koma can bakin fakon ya zauna a yashi. Ba da faɗa ya faɗa ba, har da ɗan murmushi. Da ma faɗan ya yi, da na san abin da zan ce.

Na samu hoton. Gaskiya ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Na bi wani itacen, daga shi na bi wani, ina cewa a raina yanzu zan dawo in ɗauki Baba. Kafin in waiwayo rana ta cika fakon, zafi ya fara tasowa daga ƙasa, motocin masu kwana a waje sun iso, wuri ya cika da jama'a. Na je na ce, "Baba taso mu je in ɗauke ka." Ya ce, "Bar shi, gwiwar ta gaji. Ai ka ɗauki tsofaffin da suka fi ni." Yaya ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

A mota ne Auta ya raɗa mini cewa sau huɗu suka tsaya hutawa a hanya, kuma sabuwar hular nan a aljihu Baba ya taho da ita, sai da suka hango fakon ya cire tsohuwar ya sa ta.

Saura kuma duk sama-sama na gan su. Mariri guda a gindin tudu, ƙahonsa miƙe kamar masu, irin wanda ke jikin tambarin Namibiya. Jiminu uku. Yaya yana ta bayani cewa jan yashin tsatsa ce, ƙarfen da ke cikinsa ne ya yi ja da daɗewa. Da la'asar muka leƙa kwazazzabon Sesriem, Baba bai sauka ba. Sunan wai igiyar fata shida yake nufi a harshen Afirkans, don sai matafiyan da sun ɗaure shida kafin guga ya taɓa ruwa. Wannan ne kaɗai ya ba Baba sha'awa, har ya sa aka maimaita masa.

Yashi a takalmi, a kunne, a cikin jakar kyamara. Zoben gilashin ya fara ƙarar ƙasa in na murɗa shi.

Abin da ya hana ni barci ga shi. Lokacin da ya shigo, yatsana na kan maɓalli, hoto biyu sun ɗauku da shi a ciki. Ina tsaye a wurin na duba, na ga farar riga a gefe, na goge su nan take don kada su cika mini memori. Memorin da ko rabi bai yi ba.

Gobe da sassafe za mu kama hanyar Swakopmund, Yaya ya riga ya ɗaure kaya. Na lissafa, in aka buɗe ƙofar ciki muka shiga, za mu iya dawowa nan kafin ƙarfe tara. Sai dai a sake biyan kuɗin shiga, a shawo kan Yaya, a kuma roƙi gwiwar Baba ta sake taka wannan yashin. Ban san ma ta inda zan fara yi masa maganar ba. Hular tana nan a kan jakarsa, ya ninke ta.

Na dai sa batir a caji.