Zafin hanyar Madina da batirin motar lantarki

Kafin in sayi motar lantarki, duk wanda na yi shawara da shi a Jidda magana ɗaya yake maimaita mini, wato esi zai cinye batir, kuma a ƙasar da ba a tuƙi sai da esi motar ba za ta kai ni ko'ina ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A shekarar 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki guda biyar, ta ga cewa a zafin digiri 35 nisan da mota ke iya ci yana raguwa da kashi 17 cikin ɗari idan esi yana kunne, da kashi 4 kacal idan yana kashe. Abin da nake gani a cikin gari bai yi nisa da haka ba, kuma wannan ragi ne da mutum zai lissafa tun yana gida ya ɗauki matakinsa. Abin da babu wanda ya gaya mini, har da wanda ya miƙa mini makullin motar, shi ne batirin da ya ɗauki zafi ba ya karɓar caji da saurin da aka rubuta a takarda.

A watan Yuli na gane haka, a kan hanyar Jidda zuwa Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, ina ɗauke da mahaifiyata da ƙaninta. Dokar hanyar ta yarda ƙaramar mota ta yi gudun kilomita 140 a awa, ni ma na bi sahun jama'a, da niyyar in tsaya sau ɗaya a wata tashar caji mai sauri, mu yi sallar azahar, mu ɗan taɓa abinci, mu wuce. Da muka isa, allon motar yana nuna zafin waje ya haura digiri 45, tashar kuma a fili take, babu ko rumfa. Ina jona wayar sai fankokin gaban motar suka tashi da wata ƙara da ban taɓa ji ba, wutar ta fara shiga da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ta yi ta sauka har ta koma ƙasa da rabin abin da na saba gani. Cajin da a sanyin dare nake gamawa cikin kamar rabin awa ya riƙe mu fiye da awa guda.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da Hajiya ta shiga. Ciwon gwiwa ya hana ta yawan hawa da sauka, don haka bayan salla ta dawo ta zauna a cikin motar, sai ga shi iskar da esi ke fitarwa ta daina sanyi sosai. A motoci da yawa injin sanyaya ɗaya ne ke yi wa batir da mazaunin fasinja aiki, kuma idan batir ya yi zafi a lokacin caji shi ake fara duba wa. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, anya motar nan lafiya take?" Na ce, "Lafiya take, Kawu, kanta take karewa." Ya jinjina kai ya ce ai ko doki idan ya sha sukuwa ba a kai shi bakin ruwa nan take. Hajiya ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, mayafinta kawai take fifita da shi, kuma har yau idan na tuna ina jin abin a raina.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya sani. Batirin lithium ya fi sakewa a tsakanin digiri 20 zuwa 30 ko sama kaɗan. Gudu mai tsanani yana ɗumama shi, kwaltar da rana ta gasa tana turo masa zafi daga ƙasa inda aka shimfiɗa shi, caji mai sauri kuma yana ƙara masa nasa. Idan waɗannan uku suka haɗu, kwamfutar motar tana rage wutar da ke shiga don kada batirin ya lalace, ita ma na'urar cajin da kebul ɗinta suna rage ƙarfi idan sun yi zafi. Gudun ma sau biyu yake cutarwa, domin turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa, har bambancin da ke tsakanin 110 da 140 ya fi esi cin batir nesa ba kusa ba. Mintocin da na samu da taka mota na biya su ninki a gaban na'urar caji. Zafin nema ba ya kawo samu.

Sanyi ma na ɗanɗana shi, lokacin da na je Tabuka a watan Janairu, yankin da dusar ƙanƙara kan sauka a kan Dutsen Lauz a wasu shekaru. Motar ta kwana a waje, da asuba na ga nisan da take nunawa ya ja baya, birkin da ke maido wa batir wuta ya yi rauni, caji kuma ya tafi a hankali har sai da batirin ya ɗumama. A wancan gwaji na AAA, sanyin digiri 7 ƙasa da sifili tare da kunna na'urar ɗumama ciki ya rage nisa da kashi 41 cikin ɗari, domin motar lantarki ba ta da zafin injin fetur da za ta ɗumama mutane da shi kyauta. Maganin ba shi da wuya: a ɗumama motar tana jone da wuta kafin a tashi. Kuma abin da sanyi ya ɗauke yana dawowa da zarar gari ya yi ɗumi.

Na zafi kuwa ba ya dawowa, kuma nan ne mu mazauna Makka da Jidda da Madina ya kamata mu buɗe ido. Batirin da aka cika fal aka bar shi yana kwana yana wuni a rana yana tsufa da wuri ko da motar ba ta motsa ba. A shekarar 2012 masu motar Nissan Leaf ta farko a jihar Arizona ta Amurka sun yi ta kuka da saurin raguwar ƙarfin batirinsu, kuma batirin waccan motar ba shi da tsarin sanyaya na ruwa. Saboda haka tambayar farko da nake gaya wa 'yan uwa su yi wa mai sayarwa ita ce yadda ake sanyaya batirin, ta biyu kuma wane iri ne. Nau'in LFP, wato batirin da ake haɗawa da lithium da ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi, masu ƙera shi ma kan ce a riƙa cika shi lokaci zuwa lokaci. Nau'in da ake haɗawa da nikel da kobalt gara a tsayar da shi a kashi 80 sai ranar doguwar tafiya. Garantin batir a wurin yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma galibi sai ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 sannan za su saurare ka, don haka duk asarar da ba ta kai nan ba a kanka take.

Yanzu da daddare nake caji a gida, motar kuma ba ta wuni a rana muddin akwai inuwa, ko da zan taka ƙafa kaɗan. Tafiyar Madina a lokacin zafi ba na fara ta sai bayan isha'i ko da sassafe, ina tafiya a kan 110, ina kuma sa sunan tashar caji a taswirar motar tun daga nesa, domin motoci da dama suna fara shirya batirin idan sun san inda za a tsaya. Idan da dattijo a motar, tun daga gida nake tabbatar da cewa akwai masallaci ko wurin zama mai sanyi kusa da tashar.

Motocin nan ƙaruwa suke yi a Saudiyya. Kamfanin Lucid ya buɗe masana'antarsa a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah a 2023, Tesla ya shigo Riyad a watan Afrilun 2025, kamfanin EVIQ kuma yana da burin kafa na'urorin caji masu sauri 5,000 kafin 2030. Ina murna da haka, amma roƙona ga duk mai kafa tasha a hanyoyin Hijaz shi ne ya yi mata rumfa, domin na'urar da aka dasa a tsakiyar rana ba za ta ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba a watannin Yuni, Yuli da Agusta, alhali a kowane wata hanyar Madina cike take da tsofaffi masu zuwa ziyara.