Ba da kwangilar manhaja a waje: abin da muka gani daga Maraɗi

Sau uku ina ba da aikin manhajar lissafin sito ga masu rubuta ta a ƙasashen waje, don 'yan kasuwar aya da wake na nan Maraɗi: Indiya, Tunisiya, sai Senegal. Kuɗin da suke karɓa kan kowace awa ta aiki shi na fara dubawa, kuma shi ne ya fi ruɗa ni.

A Indiya hannu ya yi yawa. Bangalo da Haidarabad cike suke da gwanaye, kowane irin aiki ka kawo akwai wanda ya taɓa yin irinsa. Sai dai suna gabanmu da awa huɗu da rabi. In ka gano matsala bayan azahar, can sun tashi, gyara sai gobe. Filifin kuwa awa 7 ce, Biyetnam 6, shi ya sa ban ma gwada su ba. Ga harshe: 'yan Indiya da Turanci suke aiki, takardunmu na Faransanci ne, lissafinmu kuma kan tsarin SYSCOHADA yake, wato ƙa'idar rubuta lissafin kasuwanci da ake bi a Nijar da wasu ƙasashen Afirka. Abin da ka rubuta shi za su yi maka daidai, wanda ka manta babu mai tuna maka.

Abubuwan da na manta sun ci mini wata guda. Rasit ya fito da sifili biyu bayan ɗigo, alhali a kasuwa ba a lissafi da abin da bai kai sefa ɗaya ba. Dubu ɗari ta fito 1,00,000, irin rubutunsu na can. Sunan da ke da ƙ ko ɗ ya koma alamar tambaya a kan takarda, don injin buga rasit bai san haruffan ba. Wanda ya fi ciwo shi ne na dala. Yaron shago ya ji an ce ɗari, sai ya buga 100, alhali dala ɗari ake nufi, wato sefa 500. Sai da muka sa gurbi biyu, ka buga dala, sefa ta fito kusa da ita ka gani da idonka. Haka tiya da buhu, dole a bar mai sito ya saita tiya nawa ke cikin buhunsa, don na aya daban, na wake daban.

Tunisiya agogonmu ɗaya, kuma Faransanci ya wadace su. Maroko ma haka, ban da watan azumi da suke ja da agogo baya awa guda. Aikinsu tsaf, amma idonsu na kan masu biyan yuro, ƙaramin aiki yakan jira layi. Biya ma sai banki ya nemi kwangila da takardar kuɗi kafin ya fitar da kuɗin waje.

Dakar ta fi kwanta mini. Kuɗinmu ɗaya a cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, babu canji, suna bayanmu da awa ɗaya kacal, sun san SYSCOHADA, harajin TVA kawai za ka ce musu namu kashi 19 ne, kar su sa 18 nasu. Sun kuma san abin da ake nufi da ɗaukewar wuta da yankewar intanet. Tun farko suka gina manhajar tana ajiye ciniki a cikin waya, in layi ya dawo ta aika. Kano ma tana nan kusa, ga Hausa, amma a tsayar da farashi cikin sefa, don naira ba ta zama wuri ɗaya.

Ko ina aikin zai tafi, yanzu ba na sakin kuɗi sai kashi uku: 30 da fari, 40 in an gwada, 30 bayan wata guda ana aiki da ita. Asusun GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja, da sunan shafi da na sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai a intanet, duk da sunan mai aiki nake buɗe su, don wanda ke riƙe da mabuɗi shi ke da ɗaki. Gwaji kuma a cikin sito ake yi, da tsohuwar wayar Android ta yaron shago, ranar da motoci ke lodi zuwa Jibiya, a kashe intanet da gangan a shigar da ciniki 20, sannan a kunna a ƙirga ko duk sun iso.