Ja a kan allo, ƙugi a rediyo

Koken farko daga wani mai shago a Wadata ya zo. Ya ce tun da ya ɗaura na'urarmu ta cajin batir da hasken rana, rediyonsa ya lalace: rana na takewa sai ƙugi, magariba na yi muryar mai labarai ta dawo garau. Maigidanmu ya juyo ya kalle ni, don ni na zana allon lantarkin da ke cikin na'urar. Ban ce uffan ba.

A lokacin ina ji da kaina, sabon fitowa daga karatu. Na ɗauki zanen da na yi da KiCad, manhajar zana allon lantarki, na kai shi cikin openEMS, manhajar kyauta da ke yanka allo da iskar da ke kewaye da shi zuwa ƙananan akwatuna, ta lissafa ƙarfin lantarki da na maganaɗisu a kowane akwati, taki bayan taki. Dabarar tsohuwa ce, Kane Yee ya fito da ita a 1966, amma har yau cin ƙwaƙwalwar kwamfuta take kamar gara. Kwana uku na yi ina fama, ga zafin Afrilu na Yamai, sau biyu wuta ta ɗauke aiki ya koma farko. Da hoton ya fito, sai ga ja jawur, alamar inda ƙarfin ya fi yawa, kewaye da bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kan allon. Na ce ai ga ɓarawon. Na canza bobin, na yi masa rumfar ƙarfe, na ɓata mako biyu. Ƙugi yana nan daram.

Abin da na sani a takarda amma bai shiga kaina ba shi ne bambancin kusa da nesa. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa). A megahaz 100 tsawon zango mita 3 ne, kuma yankin da ake kira na kusa ya tsaya wajen santimita 48 daga allo. A cikin wannan yanki, ƙarfin maganaɗisun ƙaramin zobe yana zubewa da gaggawa: ka ninka tazara sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Wato bobin mai yawan hayaniya ne a ɗakinsa, amma muryarsa ba ta kai ƙofar gida. Ni kuwa launi na bi, don ja shi ya fi jan ido.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Katako, wanda nake sayen dalma wurinsa, shi ya kwance mini kai. Na nuna masa hoton a waya ina ta bayani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ina wayar batir a hoton nan naka?"

Na ce, "Baba, na cire ta, don lissafin ya yi sauri."

Dariya kawai ya yi. Ya ɗauko ƴar rediyon aljihu ya ce mu je. Ya riƙa bin waya da ita a hankali tun daga allo har kan batir, ƙugin na bin sa duk tsawonta. Da na auna wayar, santimita 75 da ɗan ɗori. Rubu'in zango ke nan a megahaz 100, tsawon da ke sa waya ta zama eriya mai kyau. Eriya muka yi ta sayar wa mutane ba mu sani ba.

Saura tambayar da ta fi ba ni kunya: me ya kai ƙarar kan waya? Taransistonmu sau dubu 100 yake kunnawa da kashewa a daƙiƙa, nesa ƙwarai da FM. Amma kowace kunnawa a cikin nanodaƙiƙa kaɗan take faruwa, kuma duk milimita ɗaya na layin tagulla yana aiki kamar ɗan bobin mai kusan nanohenri ɗaya. Nanohenri 10 in ya haɗu da fikofarad 250 na ajiyar caji a jikin taransisto, kaɗawar da zai yi kusan megahaz 100 ce. Sannan ga aikin hannuna: don in kai layi ga wata ƴar fitila, na tsaga shimfiɗar tagullar ƙasan allo, wadda muke ce wa mas. Wuta mai saurin kaɗawa, in za ta koma, daidai ƙarƙashin layin da ta bi take son bi. Ta tarar da tsaga, sai ta yi zagaye kamar ruwan damina da ya iske an toshe kwata, wani kaso ya malala kan waya. Ba ya buƙatar yawa. Maikuro'amfa kaɗan a kan waya mai mita ɗaya sun isa su haura iyakar ƙarar rediyo da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta CISPR 32 ta sa wa kayan gida.

Na sake lissafin a openEMS, wannan karon da waya da tsaga da komai, kuma na daina kallon inda ya fi ja, na koma bin hanyar da wutar ke komawa. Na ga zagayen ƙarara. Na rufe tsagar, na matso da kondansa, mai ajiyar caji, dab da taransisto. Kafin in yarda da hoton kuma, sai da na lanƙwasa bakin wayar eriya na yi ɗan zobe, na haɗa da RTL-SDR, ƴar rediyon da ake sa wa kwamfuta, na bi allon ina aunawa.

Waɗanda muka riga muka sayar ba su gyaruwa da zane. Ni aka ɗora wa babur da jakar zobban ferit masu shanye ƙara a kan waya, ina bi shago shago ina maƙala su a wayar batir. Mai shagon Wadata ya kunna rediyonsa da tsakar rana, ya saurara, ya ce da saura kaɗan. Na ƙara masa zobe na biyu.