Ranar da allurar ma'auni ta sauka

Laraba, da dare.

Yau kwana shida ke nan da aka kashe tukunyar nukiliya domin sauya mata makamashi, kuma tun da sassafe aka ba rukuninmu aikin gwada mashigan wayoyin lantarki da ke jikin ginin killacewa. Duk wanda ya fara tsayawa a gindin wannan gini, kaurin bangonsa ne ke ɗaukar hankalinsa: kankare mai rodi da ya haura mita guda, an lulluɓe cikinsa da farantin ƙarfe, domin idan bututun ruwan sanyaya ya fashe, tururi da gubar nukiliya su tsaya a ciki. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne ramukan da muka huda a bangon da hannunmu. Dole wuta ta shiga ta juya famfuna, dole kuma saƙon ma'aunan zafi da matsi ya fito zuwa ɗakin sarrafawa, saboda haka wayoyi masu ɗimbin yawa ke ratsa bangon ta cikin bututun ƙarfe da aka yi wa walda, kuma kowace waya sai an liƙe kewayenta ta yadda ko iska ba za ta bi ta wurin ba.

Mashiganmu suna da liƙi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma tsakaninsu ana ɗura busasshiyar iskar naitirojin, wadda ke korar laima, sannan ta tona asirin yoyo idan ya fara. A mashiga ta huɗu da muka duba, na ga allurar ma'aunin ta sauka ƙasa da inda littafin aiki ya nuna an bar ta. Saukar ba ta da yawa. Wani matashin ma'aikaci da ke tare da ni ya ce, "Injiniya, mu ƙara mata iska mu wuce, ai har yanzu tana cikin iyakar da aka yarda." Ban ga laifinsa ba, domin jadawalin aikin ya matse mu, kuma ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa. Amma na ce masa idan muka ƙara iskar ba tare da mun gano ta ina ta farkon ta fita ba, mun goge shaidar da liƙin yake ba mu ke nan.

Muka yi gwajin a cike. Tsarin da muke bi irin wanda hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta shimfiɗa ne, inda aka raba gwajin yoyo gida uku: na A shi ne a hura ginin gaba ɗayansa, na B ya shafi mashigai irin namu da ƙofofi masu liƙi, na C kuma na bawul-bawul ne. Ana ɗaga matsin har ya kai wanda aka ƙiyasta ginin zai fuskanta a lokacin hatsari, a jira zafin iskar ya daidaita, sannan a auna abin da ke zurarewa. Jimillar yoyon B da C ba a yarda ta kai kashi 60 cikin 100 na abin da aka ƙayyade wa ginin duka ba. Bayan mun shafa ruwan sabulu a kan mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, sai kumfa ta taso a wuyan bututun ma'aunin kansa. Liƙin lafiyarsa ƙalau. Muka ɗaure mahaɗin, muka maimaita gwajin, allura ta tsaya cak, na yi hamdala.

Da yake ruwan sabulun na hannun matashin ma'aikacin, sai na ba shi labarin tashar nukiliya ta Browns Ferry da ke jihar Alabama a Amurka. Ranar 22 ga Maris, 1975, ma'aikata suna neman yoyon iska a wata mashigar wayoyi da harshen kyandir, sai iskar ta ja wutar cikin soson foliyuretan da aka toshe ramin da shi. Gobarar ta yi kusan awa bakwai, ta lalata wayoyi fiye da 1,600, sama da 600 daga cikinsu na na'urorin tsaro ne. Wannan mashiga tana tsakanin ɗakin rarraba wayoyi ne da ginin tukunya, ba a bangon killacewa na ciki ba, amma daga ita aka koyi raba hanyoyin wayoyin tsaro da kuma zaɓen abin toshi da ba ya cin wuta.

Abin da na kwana biyu ina juyawa a raina shi ne tsufan liƙin, wanda gwajin yau ba zai iya nuna shi duka ba. Galibin tsofaffin mashigai da efoksi ko wasu nau'o'in roba aka liƙe su, kuma zafi da tururin nukiliya suna cin irin waɗannan kayan sannu a hankali, har su bushe su yi tauri. Liƙin da ya ci gwaji a sanyin yau yana iya gazawa a ranar da tururi mai zafi ya cika ginin. Shi ya sa ƙa'idar IEEE 317, wadda ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta shimfiɗa kan mashigan wayoyi, ta tanadi a tsufar da samfuri da gangan a ɗakin gwaji kafin a jefa shi cikin yanayin hatsari. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, cikin Maris na 2011, matsin da ke cikin killacen tukunya ta ɗaya ya kai kusan kilofaskal 840, ya zarce matsin da aka gina shi ya jure nesa ba kusa ba, kuma masu bincike sun lissafa liƙin murfin sama da mashigan wayoyi cikin hanyoyin da ake kyautata zaton haidirojin ya bi ya taru a ginin da ya fashe ranar 12 ga watan. A ganina, duk inda za a sauya mashiga, wadda aka narka gilashi ko tangaran a jikin ƙarfenta ta fi cancanta, ko da ta fi tsada, domin zafin da ke lalata roba bai isa ya taɓa ta ba.

Da yamma na koma kan takardun makatsan wuta. Mutane kan manta cewa wayar da ke cikin mashiga tana iya ƙona liƙinta da kanta idan wuta ta haɗe a cikin ginin, shi ya sa ake jera makatsai biyu a layi ɗaya, idan na farko ya ƙi faɗuwa na biyu ya katse kafin wayar ta yi zafin da zai ɓata liƙin. Na tarar da layi guda da aka sauya wa mota a bara, amma ban ga takardar da ta nuna an sake lissafin makatsinsa na biyu ba. Na kai wa shugaban sashe, na ce, "Yallaɓai, ina roƙon kada a mayar da wuta kan layin nan sai mun ga lissafin." Ya duba, ya sa hannu a takardar dakatarwa. Gobe da safe zan fara da neman lissafin, sannan mu koma kan mashigai bakwai da suka rage.