Abincin kare na buhu: abin da zafin Kano da damina ke yi masa kafin ya kai kwano

Yawancin masu ajiye karen gadi a Kano, daga gidajen Nassarawa da Bompai har zuwa gonakin bayan gari, idan sun je sayen abinci sunan kamfani suke tambaya, sai farashi. Sunan kamfani yana da nasa amfanin, amma a garin nan ba shi ne a gaba ba. Buhun da aka haɗa da kyau a Turai ko Afirka ta Kudu sai ya yi makonni cikin kwantena a teku, ya jira a tashar Apapa, ya hau tirela ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000, sannan ya zo ya zauna a shago mai rufin kwano. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka cewa take a ajiye busasshen abincin dabbobi a wurin da zafinsa bai kai digiri 27 ba. Mu kuwa a watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne.

Abin da ke fara lalacewa shi ne mai. Bayan an gasa ƙwayoyin abincin, fesa musu kitse ake yi ta waje don ya ja hankalin kare. Wannan kitsen idan ya haɗu da zafi da iska sai ya juya, bitamin ɗin da ke narke a cikinsa su ma su fara raguwa. Hanci ne ke gane shi. Ka buɗe buhu ka ɗibi tafi guda ka shinshina: idan ka ji wari irin na man suya da aka daɗe ana maimaitawa, ko ka ga cikin buhun ya yi danƙo yana kama hannu, ka mayar wa mai shago. Karen da ya saba cin abincinsa da marmari idan ya shinshina sabon buhu ya ja da baya, kada a ce iyayi yake yi, kada kuma a kwarara masa romo don a yaudare shi ya ci. Hancinsa ya fi naka.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne wanda hanci ba ya kamawa. Akwai wata funfuna da ke kama masara da gyaɗa, tun a gona idan fari ya matsa wa shuka, ko bayan girbi idan an ɗura hatsi a buhu da sauran danshi. Gubar da take fitarwa ita ce aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Kare yana cikin dabbobin da ba su da juriyarta ko kaɗan, ga shi kuma abu ɗaya yake ci safe da yamma har buhu ya ƙare, don haka gubar taruwa take yi a hanta. A Amurka iyakar da aka yarda da ita a abincin kare kashi 20 ne cikin biliyan. Duk da wannan doka, a ƙarshen 2020 an janye abinci mai suna Sportmix daga kasuwa bayan rahoton mutuwar karnuka, daga baya adadin ya haura 100. Idan haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji birjik, to mu da masara da ƙuliƙuli su ne ginshiƙin abincin dabbobinmu ba mu da dalilin sakin jiki.

Abu biyu ya kamata mai kare ya riƙe game da wannan gubar. Dafuwa ba ta kashe ta, gashin da ake yi wa abincin a masana'anta ma ba ya kashe ta, shanya a rana kuma funfunar kawai yake busarwa, gubar tana nan daram. Sannan babu maganin da ke karya ta idan ta shiga jiki, sai dai likita ya tallafi hantar da ƙarin ruwa da magunguna ya jira ikon Allah. Saboda haka abincin da ya jiƙe ya dunƙule, ko ya yi kore-kore a gindin buhu, ba a tsince mai kyau a ba kare sauran. Duka ake zubarwa, kuma ba kaji ake watsa wa ba.

Wannan ba ya nufin abincin da ake haɗawa a Najeriya ya fi na waje muni. Sau da yawa ma ya fi shi sabunta, tun da bai yi watanni a hanya ba. Tambayar da za ka yi wa mai sarrafa shi ita ce ko yana gwada masararsa da gyaɗarsa kafin ya niƙa. Wanda ke gwadawa zai amsa maka nan take, har da alfahari. Wanda ya fara kame-kame ka san inda aka kwana.

Abin da ba zan taɓa ba mutum shawarar saye ba shi ne abincin da aka farke buhu ana aunawa da kwano ana ƙullawa a leda. Dalilin sayensa a fili yake, buhu mai kilo 15 ya yi tsada, ba kowa ke iya ɗauka lokaci guda ba. Amma ledar nan ba ta da ranar ƙarewar wa'adi, ba ta da lambar rukunin da aka sarrafa, ba ta da sunan kowa. Ba ka san yaushe aka buɗe buhun ba, ba ka san ko wa'adinsa ya wuce shi ya sa aka juye ba, ba ka san ko an gauraya mai tsada da mai araha ba. Idan kuɗi ne matsalar, gara ka sayi ƙaramin buhu mai kilo 3 a rufe, ko ku haɗa kuɗi da wani mai kare ku sayi babba ku raba a gabanku, kowa ya ɗauki hoton lambobin da ke jikinsa.

A buhun da ke rufe kuwa, ka juya shi ka duba ɗinkin sama da ƙasa, ka nemi hudar ɓera ko garin da ƙwari ke bari. Ka duba lambar rajistar NAFDAC. Ranar wa'adi ta zama bugun inji ce a jikin buhun, ba takarda aka manna a kai ba. Wanda saura wata ɗaya ko biyu wa'adinsa ya cika, ko an yi maka ragi ka bar shi, araha ba ta ado. Ka kuma ɗaga kai ka kalli shagon kansa: buhunan a kan katako suke ko a ƙasa, rana tana dukansu ta ƙofa ko a'a.

Sai rubutun bayan buhu, inda ake yi wa mutane wayo da yawa. Kalmar farko da za ka nema ita ce "complete", wato abincin ya wadatar shi kaɗai. Wanda aka rubuta wa "complementary" ƙari ne kawai, ba a rayuwa a kansa. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin ga babban kare kashi 18 cikin 100, mai kuma 5.5. Ga ɗan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa, furotin 22.5, mai 8.5. Ana lissafa waɗannan ne bayan an cire ruwa, shi ya sa ba a kwatanta na buhu da na gwangwani kai tsaye. Na buhu ruwansa kusan kashi 10 ne, na gwangwani kuwa yakan kai 78. Gwangwanin da aka rubuta wa furotin 8, idan ka raba 8 da 22 da ya rage bayan ruwa ka ninka da 100, furotinsa ya kai kashi 36.

Amma lambar furotin ita kaɗai ba ta gaya maka komai game da ingancinsa. Gwajin da aka saba yi sinadarin naitirojin yake aunawa, sai a ninka da 6.25 a ce furotin ke nan. Garin gashin kaza ma zai ba da lamba mai kyau alhali cikin kare ba ya narkar da shi yadda yake narkar da nama. Wannan ƙofar ce aka bi a 2007, lokacin da aka zuba melamin, sinadarin da ake yin roba da shi, a cikin kayan haɗi da aka kai Amurka daga Sin don lambar ta hau. Ƙodar karnuka da kyanwoyi masu yawa ta lalace kafin a gano. Don haka ka karanta jerin kayan haɗin. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Ka fi son wanda ya ambaci dabbar da sunanta, kaza ko rago ko kifi, a kan wanda ya ce "nama da dangoginsa" kawai. Ga musulmin da ba ya son hannunsa ko kwanukan gidansa su taɓa alade, wannan dunƙulallen suna ba ya ba shi tabbacin komai. Ka lura kuma da dabarar rarraba hatsi: a rubuta masara, can ƙasa garin masara, can kuma dusar masara, don kaza ta fito a farko alhali idan aka haɗa su masarar ce ta fi yawa.

Alƙalin gaskiya kashin karen ne. Abinci mai narkewa yana ba da kashi kaɗan, mai tauri, sau ɗaya ko biyu a rana. Idan mai shara yana kwashe tuli mai laushi sau huɗu, rabin kuɗinka a bola yake ƙarewa.

Maganar yawan abin da za a ba shi. Karen gadi mai kilo 30 da ba ya wani aikin wahala yana buƙatar kalori wajen 1,400 a rana. Idan abincin yana da kalori 350 a kowane giram 100, giram 400 ke nan, a raba biyu, safe da bayan magariba lokacin da gari ya yi sanyi. Kada a haɗa masa duka a ci ɗaya, musamman manya masu zurfin ƙirji irin su alseshan da bowabul, domin cikinsu yana iya kumbura ya murɗe, wannan kuwa cikin sa'o'i yake kisa. Ka auna giram 200 a sikeli sau ɗaya, ka zuba a kofi ka ja layi da maka, ka miƙa wa maigadi, tun da a gidaje da yawa shi ne mai ba da abincin kuma da ido yake aunawa. Bayan mako biyu ka shafa haƙarƙarin karen. Ya kamata ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba, amma kada a hango su daga nesa. Ruwa kuwa kare mai wannan nauyi yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu, da bazara ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wannan lissafin shi zai gaya maka girman buhun da ya dace da kai. Kilo 15 a giram 400 kullum kwana 37 ne, daidai da makonni huɗu zuwa shida da ake so buɗaɗɗen buhu ya ƙare a ciki. Mai ƙaramin kare ɗaya da ya sayi kilo 20 don ya huta, wata uku zai yi yana ba shi, watan ƙarshe kuma lalatacce yake ci. A gida kada ka juye abincin tsirara a bokiti. Buhun an yi shi ne don ya tare iska da mai, don haka ka matse iskar ka naɗe bakinsa, ka sa shi yadda yake cikin roba mai murfi, a kan katako, nesa da bango da ɗakin janareta. A watan Agusta, da danshi ke shiga ko'ina, ka riƙa leƙa gindin buhun. Na gwangwani idan an buɗe firji yake so, kuma da irin wutarmu gara a sayi ƙanana da za a cinye a zama ɗaya. Gwangwanin da ya kumbura ba a ma buɗe shi. A wanke kwanon kare kullum, mai zuba abincin ya wanke hannu da sabulu, yara kuma kada su yi wasa da ƙwayoyin, domin busasshen abinci ma yana ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa mutum zawo.

Canjin abinci a hankali ake yi, cikin mako guda: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku sabo, ranar bakwai a koma gaba ɗaya. Zawon da ake ɗora wa sabon kamfani laifinsa sau da yawa gaggawar canji ce ta jawo shi.

Kuskuren da ya yi yawa a wajen masu kwikwiyon manyan karnuka shi ne ƙara masa ƙwayar kalsiyam ko garin ƙashi a kan cikakken abinci, wai don ƙashinsa ya yi ƙwari ko kunnensa ya miƙe. Jikin kwikwiyo ba ya iya tace abin da ya yi yawa, sai ƙashin ya girma a karkace, gaɓoɓi su lalace. Haka ragowar shinkafar biki da ake ƙara musu: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare ko an dafa su, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Zabibi da cakulan da goro ma duk a nisanta su da shi.

Idan kare ya daina ci, ya yi laushi, yana amai, farin idonsa da dasashinsa suka koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara, ko kashinsa ya yi baƙi, a daina ba shi abincin nan take. Ba lallai abincin ne ba, domin cutar da kaska ke sawa ma tana kawo wannan launin, kwikwiyon da ba a yi wa allura ba kuma zawon jini yakan zama fabo ne, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka. Abin da ke nuna abinci shi ne karnuka biyu ko uku su kwanta tare bayan an buɗe sabon buhu. Ko wanda bai nuna alama ba a kai shi a duba hantarsa. Kada ka zubar da buhun tukuna: ka ɗebi kamar rabin kilo a leda mai tsabta ka ɗaure, ka ɗauki hoton ranar wa'adi da lambar rukuni, ka rubuta ranar da aka fara ba shi, ka tafi da su duka wajen likitan dabbobi. Da waɗannan ne za a iya aikawa gwaji, da su kuma za ka kai ƙorafi NAFDAC idan ya tabbata abincin ne.