Turaren da na baro a Landan

Yau a tashar St Pancras ta Landan, ina layin binciken kaya zan hau jirgin ƙasan Eurostar zuwa Faris, sai na ga wata dattijuwa ta ɗora ƙatuwar gorar ruwa a kan na'ura, ta wuce abinta. Na yi sororo. Ashe dokar hana wucewa da ruwa ko turaren da ya haura mililita 100 a jakar hannu ta jirgin sama ce, babu ita a nan! Ni kuwa daren jiya na fitar da kwalbar turaren da na saya wa Yaya tsaraba, wai gudun kar a ƙwace.

Manyan jaka biyu aka yarda a shiga jirgin da su, tsawon kowace kar ya wuce santimita 85, ko awon nauyi ba a yi. Har muka shige ramin ƙarƙashin teku hankalina na kan kwalbar nan da na baro a kan tebur. Da na tambaya tun jiya, da yanzu tana jakata.