Daƙiƙa biyar da suka hana ni barci a Samaru

Ina aji huɗu a ABU na fara sa hannu a wata manhaja ta buɗaɗɗen tushe, irin wadda kowa zai iya duba lambarta ya gyara. Da yaren kwamfuta na Python aka rubuta ta, aikinta jawo bayanai daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana aiko su ta intanet. Abin da ya dame ni shi ne, da yamma ta yi a Samaru netwok ya fara rarrafe, sai ta yanke ta ce lokacin jira ya ƙare. Na leƙa ciki, ashe daƙiƙa biyar kacal aka ba ta. Wanda ya sa wannan adadi bai taɓa ɗaga waya sama a bakin taga yana neman sabis ba.

Da zafin kai na cire iyakar gaba ɗaya, na tura, aka karɓa. Ban san cewa Requests, kayan aikin Python da manhajar ke kiran saba da shi, in ba ka yanka masa lokaci ba, zai iya zama yana jira har abada ba. Sauri ya haifi nawa. Akwai gwaji ɗaya da ke kiran sabar da ba ta amsawa da gangan, nan aikin ya maƙale a GitHub Actions, inda ake gwada duk gyaran da aka turo kai tsaye, sai da ya cika awa shida aka kashe shi. Duk wanda ya turo gyara ranar, ja yake gani, alamar gwaji ya faɗi.

Ɗaya daga masu kula da manhajar, yana Barazil, ya bi sawu da git bisect, kayan aikin gano gyaran da ya kawo matsala, har ya iso kan gyarana. Na zaci zan sha faɗa. Janye gyaran kawai ya yi don sauran su samu hanya, sannan ya tambaye ni abin da ban tambayi kaina ba: haɗuwa da sabar ce ke jinkiri, ko dawowar amsa?

Dare uku na yi ina aunawa da curl, wata ƙaramar manhajar kiran saba, ina tura masa sakamako bayan isha'i, lokacin shi la'asar bai wuce ba, in wuta ta ɗauke in koma shagon cajin waya. Haɗuwa lafiya lau take, amsar ce ke ja. Muka raba: daƙiƙa 5 don haɗuwa, 30 don amsa, kuma mai amfani zai iya canzawa.

Gwajin da ke kwaikwayon saba mai jinkiri ni na rubuta shi. Abokin ɗakina da ya gani ya ce, "Malam, ai netwok ɗin Samaru ka kai musu."